Motar Da Inshora Ta Sallama A Amurka, Ita Ce Amarya A Ikko

Duk shekara idan azumi ya raba tsakiya, ko kuwa watan Babbar Salla ya kama, akwai lissafin da magidanta 'yan Arewa mazauna Kudu kan zauna su yi, tun daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 har Sabo ta Badun da Fatakwal. Mutum ne da mai ɗakinsa da 'ya'ya uku, ga kaya, ga tsaraba, ga kuɗin mota ya tashi domin kowa gida ya nufa. Idan ya haɗa kuɗin kujera biyar, zuwa da dawowa, ya kuma tuna da irin jigatar da yara suka yi bara a cikin doguwar mota, sai zuciya ta soma raya masa cewa lokaci ya yi da shi ma zai ajiye 'yar motar shiga. Maganar sabuwa ba ta ma taso ba. Hanya ɗaya ce ta rage, watau ta hannu.

To, a nan ne ake yin ta. Motar da aikinta kai mutum ofis daga Surulere zuwa Ikeja, in ta mutu a hanya yini ɗaya aka yi hasara. Amma motar ɗan Arewa ko ba jima ko ba daɗe sai ta ɗauki hanyar gida, tafiyar kimanin kilomita 1,000 ga mai zuwa Kano, wajen 1,500 ko fiye ga mai zuwa Maiduguri, da iyali gaba ɗaya a ciki, da but cike maƙil. Ko a bi ta Ilori da Jebba da Mokwa, ko a zaga ta Lokoja da Abuja, akwai dazuzzukan da ba a fatan mota ta tsaya wa mutum a cikinsu da magariba.

Manya za su tuna lokacin da ba haka abin yake ba. A 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa 504, a shekarar ne kuma Volkswagen ya buɗe nasa a kan hanyar Badagry, ma'aikaci kan karɓi rancen mota ya shiga sabuwa da ledarta. Daga 1986, da aka karya darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, kasuwa ta koma hannun tsofaffin motocin ƙetare. Yarbawa suka sa musu tokumbo, watau abin da ya zo daga hayin teku. A Arewa kuwa aka riƙa ce musu Beljiyam, ko 'yan Kwatano, saboda inda ake lodinsu da inda ake sauke su. Daga baya Amurka da Kanada suka zama babbar mafita. Sa'an nan a 2023 aka janye tallafin mai, aka saki Naira ta nemar wa kanta daraja, har dala ɗaya ta haura Naira 1,500 a 2024. Dilan da ke saye da dala, ya biya jirgi da dala, kwastan kuma su yi masa lissafin fito a kan farashin dala, ba abin mamaki ba ne ya karkata ga motar da ta fi araha a can. Wadda ta fi araha kuwa ita ce wadda wani abu ya sama.

GWANJON INSHORA

A Amurka idan mota ta yi karo, kamfanin inshora kan aika mai ƙiyasta ɓarna. In kuɗin gyara ya kusa kamo darajar motar, a jihohi da dama kashi 75 cikin 100 ne ma'auni, sai kamfanin ya fasa gyara, ya biya mai ita kuɗinta, mota ta zama tasa. A takardar mallakarta akan buga shaidar cewa an sallame ta, kalmar da suke rubutawa ita ce salvage. Daga nan sai filin gwanjo. Manyan kamfanoni biyu ne suka riƙe wannan harka, Copart da IAA, kuma ta intanet ake tayi, har mutum yana zaune a Ikko wakilinsa na taya masa motar da ke ajiye a Texas. Bayan 'yan makonni ta sauka a Tin Can, a ja ta zuwa gareji, a sayo mata kaya a Ladipo, a buga, a shafe, a fesa fenti. Ranar da ta fito fili a kasuwar Berger ko wani shagon dila a bakin titi, tana sheƙi kamar amarya.

Akwai abin da ya kamata a fahimta tun da wuri, domin mutane da yawa da sun ji an ce inshora ta sallami mota sai su ɗauka gawa ce. Ba kullum ba. Wancan hukunci na masu lissafi ne, ba na makanikai ba. A can da awa ake biyan mai gyara, kuma kayan gyara sababbi ake sawa. Corolla mai shekara goma da ta daki ta gabanta a cunkoso, bamba ya fashe, bonet ya lanƙwashe, fitilu da lagireto suka tafi, tana iya faɗawa gwanjo alhali injinta da ƙashinta lafiya lau suke. Wata ƙanƙara ce kawai ta lotsa mata rufi. Wata sace ta aka yi, ba a gano ta ba sai bayan an biya mai ita. Irin waɗannan in an gyara su da gaskiya, aka kuma sayar da su a farashin gyararriya, mai ƙaramin ƙarfi ya dace.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ɓoyewa. Mai saye zai ji ana rantse masa cewa fentin kamfani ne, ko kaza ba ta taɓa takawa ba, sai dai ya zuba mai ya kama hanya. Ya biya kuɗin lafiyayya, ya tafi da wadda bai san abin da ya same ta ba. Saboda haka tambayar da ta dace ba ita ce ko motar ta taɓa yin karo ba. Tambayar ita ce: ina ta daku, har ina dukan ya kai, kuma wane ne ya gyara?

KARO IRI-IRI NE

Ƙaramar mota ta zamani ba ta da shasi daban kamar na tifa ko a-kori-kura. Jikin nata shi ne ƙashinta. A gaba akwai dogayen ƙarafa biyu da inji ke zaune a tsakaninsu, an ƙera su ne don su murƙushe su shanye ƙarfin karo kafin ya isa ga mutanen ciki. Sau ɗaya aka yi su su yi wannan aiki. In sun lanƙwashe aka ɗaura musu sarƙa aka ja, aka gasa su da wutar walda aka miƙe, ido zai ga sun koma daidai, amma ƙarfen ya riga ya saki. Ranar da aka sake yin karo ba zai tsare kowa ba. Wannan shi ne bambancin motar da aka sauya wa fata da wadda aka ɗora wa karaya.

Ba sai injiniya ne zai gane ba. Da rana tsaka ake duba mota, a busasshe, ba da yamma ba, ba kuma lokacin da aka gama watsa mata ruwa ba, domin jiƙaƙƙen fenti duk ɗaya yake. A tsaya daga gefe a bi jikinta da ido, launin ƙofa da na kusa da ita su zama ɗaya. A duba tazarar da ke tsakanin bonet da gefensa, hagu da dama, in yatsa ya shiga nan bai shiga can ba, an taɓa wurin. A ɗaga bonet a dubi kan kusoshin da suka riƙe gefen mota, in sifana ta taɓa kama su fentinsu zai nuna. A ɗaga shimfiɗar but a fitar da safaya, a leƙa ramin: na kamfani sumul yake, wanda aka buga da guduma kuwa sai an ga tamoji. Ɗan maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana da amfani, domin ba ya kama wurin da aka cike da kwaɓin da masu gyaran bodi ke shafe lotsattsen wuri da shi. Idan kuma aka hau titi miƙaƙƙe mota tana janyewa gefe guda, ko sitiyari ya karkace alhali ana tafiya sak, ko taya ɗaya ta cinye ta ciki kawai, to a yi zargin ƙashi.

Mafi muni a wannan fanni ita ce haɗin gambiza, watau gaban wata mota da bayan wata, a yanke a haɗa da walda. Akan gane ta in an zare robar bakin ƙofa, ko an ɗaga kafet, a ga layin walda ya ratsa inda kamfani ba ya yin walda. Wannan ba mota ba ce, makara ce mai taya.

Sai maganar jakar iska, wadda ke fitowa daga sitiyari da dashbod ta tare ƙirji da fuska lokacin karo. Ita ma sau ɗaya take aiki, in ta fashe sai dai a sa wata, kuma tana da tsada. Marasa tsoron Allah sukan liƙe murfin a bar cikin fayau, sa'an nan a yaudari kwamfutar motar da ɗan ƙaramin abin lantarki don kada fitilar gargaɗi ta kama, ko ma a cire ƙwan fitilar baki ɗaya. Gwajin farko mai sauƙi ne. In an murɗa makulli kafin a tayar da inji, fitilar jakar iska dole ta kama, ta yi 'yan daƙiƙoƙi, ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. In ta kama ta ƙi mutuwa, akwai matsala. In kuwa ta yi daidai, wannan bai wanke ta ba tukuna, sai an dubi murfin sitiyari ko an yi masa ɗinki ko fenti, an kuma ja bel ɗin kujerun gaba an ga yana fita yana komawa, domin karo mai ƙarfi kan ƙulle shi.

Ko jakar da ba ta taɓa fashewa ba tana da nata labarin. Wani kamfanin Japan mai suna Takata ya yi shekaru yana sayar wa Honda da Toyota da wasu da dama jakar da sinadarinta ke lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima, har in ta tashi fashewa sai ta watso gutsattsarin ƙarfe. Mutane sun mutu ta haka, aka yi kiranyen miliyoyin motoci don a sauya musu kyauta, kamfanin kansa ya durƙushe a 2017. Accord da Corolla na shekarun 2000 da yawa suna cikin waɗanda abin ya shafa, kuma zafi da laima ai su ne Ikko. Motar da ta baro Amurka ba a sauya mata ba, da abinta ta zo.

WADDA RUWA YA CI

Wadda ta yi karo tana da tabo, mai ido zai gani. Wadda ruwa ya ci ba ta da ko ƙwarzane, shi ya sa ta fi kowace hatsari ga aljihu. Duk lokacin da guguwa ta afka wa gaɓar Amurka, kamar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey wadda ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston a 2017, da Ian a Florida a 2022, filayen gwanjo kan cika da motoci masu kyan ɗan maciji. A wanke, a shanya, a sauya mai, inji ya tashi. Amma ruwan, musamman na teku mai gishiri, ya riga ya shiga mahaɗar wayoyi da kwamfuta da giya, yana ci a hankali. Sai bayan wata uku ko shida abin zai fara: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi fitilun dashbod duk sun kama, wata rana kuma inji ya ɗauke ana tsakiyar wuce tirela. Mai wayarin zai gyara wannan, wancan ya ɓalle, har mai mota ya san sunayen 'ya'yan mai gyara.

Hanci ne ɗan sandan farko. A rufe gilasai a bar ta a rana na ɗan lokaci, a buɗe a shaƙa. Warin rima ko turaren da ya yi yawa, duka biyu abin tambaya ne. Sabon kafet a tsohuwar mota shi ma haka. A tura kujera baya a dubi ƙarfen da take gudu a kai da kusoshinsa, wurin da ruwan sama ba ya kaiwa bai kamata ya yi tsatsa ba. A ja bel har ƙarshensa a ga ko akwai shatin ruwa. A sa yatsa a ƙarƙashin dashbod da cikin akwatin fis, a ga ko za a shafo busasshen taɓo. A zare mahaɗar waya ɗaya ko biyu a ƙarƙashin kujera, in bakin ya yi kore ko fari, magana ta ƙare. Irin wannan mota ko nawa aka rage ba ta yi araha ba.

Kuma ba daga Amurka kaɗai take zuwa ba. Duk damina motoci na nutsewa a Lekki da wasu unguwannin Ikko, ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba 2024 ma ta shanye motoci masu yawa. Waɗannan ba su da takardar da za ta tona musu asiri.

Tsatsar gishirin hanya daban ce. A Kanada da arewacin Amurka ana watsa gishiri a titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, shi kuwa yana cin ƙasan mota. Sai an hau da ita kan rami an leƙa, an ƙwanƙwasa.

LAMBA MAI GIDA 17

Duk da haka, mai saye na yau yana da makamin da iyayensa ba su samu ba. Tun daga 1981 kowace mota da aka yi don kasuwar Amurka tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, ana ce mata VIN, makanikai kuma su ce lambar shasi. Tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, tana kuma jikin wata takarda da aka liƙa a bakin ƙofar direba. Aikin farko shi ne a ga ta gilashi da ta ƙofa da ta takardun kwastan duk ɗaya ce, harafi da harafi.

Aiki na biyu ko yaron gida mai waya zai iya. A rubuta lambar a Google. In motar ta bi ta gwanjo, sau da yawa hotunanta na ranar da aka kai ta fili za su fito, da gabanta a wargaje ko jakar iska a zube a kan sitiyari, da irin ɓarnar da aka rubuta, da adadin tafiyar da mitarta ta nuna a ranar. Wanda ya ƙara 'yan kuɗi yana iya sayen cikakken rahoto daga Carfax ko AutoCheck. A nan ne akan kama masu mayar da mita baya. A tuna kuma motar Amurka da mil take ƙirge, mil 150,000 kuwa ya kai kilomita 240,000.

Lambar tana faɗin shekara ma. Gida na goma shi ne shekarar ƙira: daga 2001 zuwa 2009 alƙalami ne, 1 zuwa 9, sai 2010 ta zama A, 2011 B, 2012 C, haka har gaba. Wannan yana da muhimmanci domin a Ikko akwai gwanayen sauya wa mota fuska, a cire fitilu da bamba na tsohon yayi a sa na sabo, 'yar 2008 ta wayi gari tana amsa sunan 2011. Harafin farko kuma ƙasar da aka ƙera ta ne: J Japan, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada.

Amma fa rahoto ba alƙali ba ne. In ya nuna aibi, a yarda da shi. In bai nuna ba, mai yiwuwa mai motar ne ya yi gyaransa bai sanar da inshora ba, ko kuwa an zaga da takardar ta wata jiha aka wanke ta. Bai kuma san kome ba game da abin da ya faru bayan ta sauka daga jirgi. Dilan da ya rufe lambar da takarda, ko ya hana a ɗauki hotonta, ya riga ya ba da amsa.

WACE ZA A SAYA?

A nan kowa da gwaninsa, kuma gardamar ba ta ƙarewa a majalisa. Ma'auni ɗaya dai ya fi sauran: in ta lalace a Mokwa ko Funtuwa, akwai makaniken da ya san ta, kuma za a sami kayanta a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano? Wannan ne ya sa Corolla ta riƙe farashinta, ba don kyau ba, don ba ta shan mai, ba ta da fitina, kayanta kuma har ƙauye. Camry ta fi ta faɗi da daɗin doguwar tafiya, sai dai 'yan 2007 zuwa 2009 masu inji 2.4 da yawa sun yi suna da shan baƙin mai, mai ita sai ya riƙa duba sanda a kai a kai. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 ta fi su sauƙin kuɗi da daɗin tuƙi, amma ƙafarta ta gaba ba ta yafe sakaci, wanda ya ji ƙara ya share yana iya ganin tayarsa ta kwanta a tsakiyar titi. Peugeot 406 kuwa, wadda Kaduna ma ta harhaɗa, makanikan Arewa sun san ta ciki da bai, illa dai shekaru sun ja, samun mai lafiya sai an tona. Manyan motocin Jamus da suka tsufa suna da araha ranar saye kawai. A farashin mai na bayan 2023, silinda huɗu ta ishi mai iyali, shida ta masu hali ce.

Wani abin da ba a son ji: salun mutum biyar aka yi wa. Mai iyali bakwai da ke shirin ɗora yara a cinya har Sakkwato, ba salun yake bukata ba, gara ya ƙara haƙuri ya nemi mai kujeru layi uku.

Kada kuma a raina wadda aka hau a gida. Motar da aka san mai ita, aka san makanikensa, aka san abin da ya sa zai sayar, ta fi tokumbon da ba a san asalinta ba. Abin gudu shi ne 'yar gida da aka yi wa wanka, aka cire lamba, aka liƙa mata takardun ƙetare a gilashi ana sayarwa a kuɗin sabuwar sauka. Takan tona kanta da lambar rajista da aka zana a gilasai, ko fankar da aka haɗa kai tsaye tana juyawa tun daga murɗa makulli, ko kuma an fasa salansa an kwashe abin tace hayaƙi, wanda makanikai ke kira indomi. Wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, ita ma a bar ta. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kuma birki da sitiyarin da aka yanka aka ƙulla a gareji ba abin ɗora iyali ba ne.

Wajen gwaji, da sassafe ake zuwa, a sami inji da sanyinsa, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Mai saye ya zo da makanikensa, ya biya shi ladan yini daga aljihunsa ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Makaniken da ke jiran la'ada daga dila ba zai ga aibi ba. A sa na'urar bincike ta kwamfuta. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga abu kamar madara ruwa yana haɗuwa da mai. A yi tafiyar aƙalla rabin awa, da na'urar sanyi a kunne, a shiga cunkoso a kuma hau babban titi, ido na kan allurar zafi, kunne na kan yadda giya ke sauyawa.

TAKARDU DA KUƊI

Motar da ba a biya mata fito daidai ba tana iya shekara tana yawo a cikin gari ba wanda ya tanka. Ranar da ta hau babbar hanya ne za ta gamu da jami'an kwastan masu sintiri, a sauke iyali da kaya a bakin daji. A ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, amma 'yan fasa-ƙwauri ba su daina ba, takardun jabu kuma suka yawaita. Kafin a biya, a ɗauki lambar takardar fito da lambar shasi a je ofishin kwastan a tabbatar. In mai rajista ce, a ga mai ita ido da ido da katin shaidarsa, sunan ya dace da na takardu, a yi canjin mallaka a hukumance, domin wanda aka kama da motar sata shi ne zai fara kwana a caji ofis. Inshorar dole ta ɓarnar da aka yi wa wani, wadda aka mayar Naira 15,000 daga Janairu 2023, ita ma akwai ta bogi a bakin ofisoshin lasin, a saya a hannun kamfanin da aka sani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a juye duk abin da aka tara a kan teburin dila. Tokumbo ko ta fi kowace lafiya tana bukatar baƙin mai da tacensa, da birki, sau da yawa da shakazoba da batir. Tayoyin da ta zo da su kuma a karanta shekarunsu, akwai alƙaluma huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, watau 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Tsohuwar taya ko zanenta bai goge ba, kwaltar Arewa a watan Afrilu tana iya fasa ta.

Wanda ya yanke shawarar sayen gyararriya da saninsa, ya saye ta a kuɗin gyararriya, ya kuma san cewa ranar da zai sayar shi ma haka za a taya masa. Wasu sukan zaɓi su sayi motar tun ba a gyara ba, su ga raunin da idonsu, su tsaya a kan gyaran da kansu, su sayi jakar iska da hannunsu. Wannan ya fi aminci ga mai lokaci da amintaccen mai gyara. Tayawa daga hoto tun tana Amurka kuwa cinikin biri a sama ne, hoto goma ba ya nuna ƙasan mota, kuma in ta iso da abin da ba a zata ba babu wanda za a mayar wa.

In an sallama, a rubuta. Takardar ciniki ta ɗauki lambar nan mai gida 17, da abin da mita ta nuna, da bayanin mai sayarwa a kan karo da ruwa da jakar iska, shi da shaidu biyu su sa hannu, kuɗi kuma su bi ta banki zuwa asusun mai sunan da ke takardar. Sa'an nan kada tafiyar Salla ta zama tafiyarta ta farko. Ana saura mako biyu ko uku a loda mata nauyi kwatankwacin wanda za ta ɗauka, a je Badun a dawo da rana. Washegari da safe a leƙa ƙasa inda ta kwana a ga ko ta ɗiga wani abu, a zaro sandar baƙin mai, a buɗe lagireto tun inji na da sanyi a ga inda ruwa ya tsaya.